Yaya ake gane ingancin tsohon kabad da kujerar Nufawa, kuma yaya ake yi musu kuɗi?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san katako da tsofaffin kayan ɗaki. Mahaifinmu ya rasu a Zariya watanni huɗu da suka wuce, kuma da yake ni ne babba a cikin 'ya'yansa, an ɗora mini nauyin tattara abin da ya bari domin a yi masa ƙima kafin rabon gado. Gida da gona ba su ba mu wahala ba, domin akwai waɗanda sana'arsu ke nan. Abin da ya tsaya mana shi ne wasu kaya biyu da shi ma gadonsu ya yi daga iyayensa.

Na farko kabad ne mai durowa biyar, ƙanana biyu a sama da manya uku a ƙarƙashinsu, kuma yana rabuwa gida biyu, ana ɗora rabi a kan rabi. Mariƙansa na tagulla ne, a nutse suke a cikin katakon, kusurwoyinsa ma an ɗaure su da tagulla. Kakanmu ma'aikacin reluwe ne, kuma labarin da muka tashi muna ji shi ne cewa daga hannun wani Bature mai komawa gida ya saye shi. Na biyu kujera ce 'yar tsugunno mai ƙafa goma, samanta cike da zane, wadda aka ce daga Bida aka kawo wa kakarmu.

Wani dillali ya zo ya taya kabad ɗin naira dubu 120, ya ce kujerar kuma a ba shi gyara. Ƙanena yana ganin mu kai wa kafinta ya goge shi da sanfefa, ya shafa masa man sheƙi, domin ya ƙara daraja kafin a sake kiran dillalin. Ni kuwa ina tsoron a cuci marayu ta hannuna. Yaya zan gane ko tsoho ne na gaske, kuma da wane ma'auni ake yi wa irin waɗannan kaya kuɗi?

Tsohon Kafinta ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ɗana, kafin komai ka hana ƙanenka kusantar kabad ɗin nan da sanfefa. Duhun da ke jikin tsohon katako, wanda rana da ƙura da tafin hannun mutane suka gina a cikin shekaru masu yawa, shi ne abu na farko da masu tara irin waɗannan kaya suke biya wa kuɗi, kuma kafinta zai iya share shi a wuni ɗaya, amma babu wanda zai iya mayar da shi. Na sha yi wa mutane wannan aikin ina saurayi, ina murna wai na sabunta musu kaya, sai daga baya na gane ɓarnar da na yi.

Fuskar kabad ba ta cika faɗin gaskiya ba, domin ita ce aka yi don a gani. Ka janye shi daga bango, ka zare durowa duka, ka kifa su a tsakar gida inda haske yake. Ka dubi kusurwar kowace durowa, inda aka yanka bakin katako kamar haƙora aka sarƙe su da juna. Idan da hannu aka yanka, haƙoran ba za su zama daidai wa daida ba, za ka ga wani ya fi wani faɗi, kuma sau da yawa akwai siririn layi da kafintan ya ja domin ya san iyakar zartonsa. Idan kuwa duk girmansu ɗaya ne kamar haƙoran mataji, aikin inji ne, wanda bai yaɗu a masana'antun Turai da Amurka ba sai a kashi na ƙarshe na ƙarni na 19. Sannan ka shafa katakon baya da na ƙasan durowa, waɗanda ba a damu da gogewa ba. Zarton hannu yana barin layuka miƙaƙƙu marasa tsari, zarton inji mai juyawa kuma yana barin layuka masu lanƙwasa kamar bakan gizo.

Ƙarfen da ke jikinsa ma yana da labari. Ƙusa mai zagayen jiki irin wadda muke saye a kasuwa yau ba ta zama ruwan dare ba sai wajen shekarun 1880 zuwa 1890, kafin nan ƙusoshin masu kusurwa huɗu ne. Ka kwance ƙusar murɗi guda ɗaya tak daga bayan wani mariƙi, a hankali, da sukundireban da ya dace da ita. Mai tsaga ɗaya a kai ita ce tsohon yayi. Mai kan gicciye a Amurka ta fito a shekarun 1930, kuma ba ta shiga kayan ɗaki sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka idan ka gan ta, ko dai kabad ɗin bai tsufa ba, ko kuma an yi masa gyara. Idan ka cire mariƙin ka ga wasu ramuka da ba su dace da shi ba, to ba shi ne na asali ba. Ka kuma kara mayen ƙarfe a jikin tagullar: ta gaske ba ta kama shi, idan ya manne baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Makullan durowa su ma ka duba bakinsu na sama, domin maƙeran Ingila sukan buga sunansu, wani lokaci da kambin sarauta da haruffan sarkin zamanin. VR na nufin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901.

Akwai abin da ba a iya ƙirƙira da sauƙi, shi ne cin da amfani yake yi wa katako. Gefen ƙasan durowar da aka shekara ɗari ana ja yana cinyewa, har ya yi kwari a kan katakon da yake gudu a kai. Katako kuma yana ƙanƙancewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba, shi ya sa za ka ga rata tsakanin falankan baya ko tsaga a gefe, balle wanda ya sha hunturun Zariya. Wannan ba aibi ne babba ba. Abin tsoro shi ne ramukan ƙwaro masu zubar da sabon gari, da kuma hanyar gara a ƙafafu. Idan ka tarar bayansa filawud ne ko katakon garin itace da aka matse, to ka rage dogon buri.

Tun da rabuwa biyu yake yi, ka tabbatar rabin sama da na ƙasa tare aka haife su. Launin katako da yankan haƙora da falankan baya su zama iri ɗaya. 'Yan kasuwa sukan haɗa rabin wannan da rabin wancan su sayar a matsayin abu guda.

Hajiya Mai Kayan Da ta amsa:

Allah ya gafarta wa mamaci. Baba Kafinta ya gama magana a kan gane shekaru, sai dai ina so in ja hankalinka, Malam, cewa tsufa daban, kuɗi daban. A kasuwannin Turai, haka ma a wajen hukumar kwastan ta Amurka, sai abu ya cika shekara 100 ake lissafa shi a cikin kayan da, amma cika shekara 100 bai taɓa tilasta wa kowa ya saya ba. Tun daga farkon shekarun 2000 farashin manyan kayan katako masu duhu ya faɗi ƙwarai a Ingila, saboda gidaje sun ƙanƙance kuma matasa sun fi son kaya marasa nauyi, har ta kai kabad ɗin da ya haura shekara 150 yakan tafi a gwanjo a kan abin da bai kai kuɗin sabo ba.

Siffar da ka bayyana ta irin kabad ɗin da hafsoshin soja da jami'an mulkin mallaka na Ingila suke tafiya da shi ce. An raba shi biyu ne domin 'yan dako ko alfadari su iya ɗauka, an nutsar da mariƙan domin kada su karye a hanya. Akan yi shi da mahogani, ko da itacen tik idan a Indiya aka yi shi. Irinsa yana cikin waɗanda har yanzu suke da masoya, amma saboda haka ne ma aka kwaikwaye shi da yawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Ka duba cikin durowar sama ko bayansa ko akwai tambarin mai sayarwa, kamar na kantin Army & Navy na Landan wanda aka kafa a 1871 domin sayar wa hafsoshi kaya, ko sunan mai shi da aka rubuta da fenti. Suna ko takarda suna iya ɗaga daraja fiye da kyan katako. Idan za ka kwatanta a intanet, ka nemi farashin da aka sallama kaya a gwanjo, ka ƙyale wanda masu kanti suka rataya suna jiran mai tsautsayi. Ka kuma tuna cewa wancan farashin Landan ne, kai kuwa kabad ɗinka yana Zariya, kuɗin ɗaure shi da jigila da la'ada suna iya cinye ribar duka.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin bayaninka shi ne kujerar. Na daɗe ina hulɗa da dillalai, kuma idan ɗayansu ya yi dogon ciniki a kan babban kaya sannan ya ce a jefa masa ƙarami gyara, nakan sake duban ƙaramin da kyau. Masassaƙan Nufawa sun shahara da irin wannan kujera mai ƙafafu da yawa, kuma gwanintar ita ce daga gungume ɗaya ake fitar da saman da ƙafafun gaba ɗaya, babu ƙusa babu gam. Ka kifa ta ka gani ko akwai ƙafar da aka dasa. A cikinta ya kamata ka ga sawun gizago, ba santsin inji ba. Zanen saman kuwa, idan an yi shekaru ana zama a kai, tsakiyarsa zai shafe ya yi sulɓi alhali na gefe yana nan da zurfinsa, ƙafafun kuma ba za su cinye daidai ba, za ka ga tabon ruwa da ƙasa a gindinsu. Wadda aka tsufar da gangan duhunta iri ɗaya ne ko'ina, har a lungunan da hannu ba ya kaiwa, kuma takan yi warin hayaƙi ko na man takalmi. Wannan dabara sananniya ce a kasuwannin sassaƙa irin na Abijan da Fumban ta Kamaru, inda fataken Hausawa suka daɗe suna cinikin waɗannan kaya, kuma masu saye na waje sun san da ita, shi ya sa suke neman shaida.

Shaidar taku tana bakin tsofaffin gidanku. Ka je wajen gwaggonninka da ke raye ka rubuta abin da suka sani: yaushe kujerar ta shigo gidan, wa ya kawo ta, a wane ɗaki take zama. Idan akwai tsohon hoton biki ko suna da ta fito a ciki, ka adana shi tare da ita.

Mai Bibiyar Doka ya amsa:

Ina ƙara abu ɗaya a kan maganar Hajiya, domin kada a shiga matsala da kyakkyawar niyya. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki duk wani aikin hannu na 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma wanda yake da muhimmancin tarihi ko fasaha kuma aka taɓa amfani da shi a bikin gargajiya. Irin wannan kaya doka ta hana a sayar da shi ga kowa sai wanda hukumar ta amince da shi, kuma ba a fitar da shi daga Najeriya sai da izininta. Mallakarsa a gida ba laifi ba ne, cinikin ne yake da ƙa'ida. Saboda haka idan lissafin tsofaffinku ya nuna kujerar ta girmi 1918, kada ka miƙa ta ga dillali, ko sayarwa ko kyauta, sai ka kai hotonta gidan tarihi na hukumar, na Kaduna ko Gidan Makama a Kano, jami'ai su duba su gaya maka matsayinta.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi bayaninka ɗaya bayan ɗaya, ga abin da na gani. Haƙoran durowa da hannu aka yanka su, har layin da ka ambata yana nan. Ƙusoshin murɗi masu tsaga ɗaya ne, na baya kuma masu zagayen jiki ne. Mayen ƙarfe bai kama mariƙan ba. Bayansa falankai ne huɗu, babu filawud, kuma sama da ƙasa sun dace da juna. A bakin makullai biyu akwai kambi da haruffan GR. Babu tambarin wani kanti, amma a ƙarƙashin rabin ƙasa an rubuta P.W.D. da baƙin fenti tare da wata lamba. Wani abin da na lura da shi shi ne cewa katakon cikin durowa da na fuska iri ɗaya ne, ja-ja mai nauyi, har ni da ƙanena da kyar muka ɗaga rabi guda.

Hajiya, kujerar daga gungume ɗaya take, tsakiyar zanen ya shafe kamar yadda kika faɗa, ƙafa ɗaya ta guntule kaɗan. Gwaggonmu ta ce tun tana yarinya take ganin mahaifiyarta a kanta a bakin murhu, amma ba ta san ko sabuwa aka kawo ta ba. Na gaya wa dillalin ya dakata, sai ya ƙara dubu 30 nan take, da sharaɗin a haɗa da kujerar. Shin yankan hannun nan yana nufin kabad ɗin na zamanin Sarauniya Biktoriya ne?

Tsohon Kafinta ya sake amsawa:

A'a, ɗana, kuma a nan ne ya kamata in gyara maganata ta farko. Alamomin da na lissafa maka an tsara su ne a kan kayan da aka yi a Turai, inda inji ya karɓe aiki da wuri. A ƙasar nan kuwa da hannu muka ci gaba da yanka haƙoran durowa har zamanin da ni na koyi aiki, saboda haka yankan hannu kaɗai ba ya mayar da kaya ƙarni na 19. Abin da ka gani ya fi nuna cewa a nan aka yi shi. Kafintocin Ingila sukan tanadi katako mai tsada don fuska, su yi ciki da baya da mai araha, amma wanda yake da maɗaci ko loko a wadace yakan yi komai da shi, shi ya sa ya yi muku nauyi. Haruffan P.W.D. na Ma'aikatar Ayyuka ta zamanin Turawa ne, wadda take yin kayan gidajen gwamnati tana sa musu lamba. Makullai da mariƙai daga Ingila ake odarsu. GR kuma sarakuna biyu ne suka yi amfani da su a ƙarni na 20, Joji na Biyar daga 1910 zuwa 1936 da Joji na Shida daga 1936 zuwa 1952, wanda ya yi daidai da zamanin da layin dogo ya kafu a Zariya, ya kuma isa Kano a 1911. Rashin filawud yana sa in karkata ga farkon wannan tsakani, kafin masana'antar filawud ta Sapele ta cika kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma ba zan rantse a kan shekara ba tare da na taɓa shi da hannuna ba.

Ma'anar wannan ita ce mai neman kabad ɗin hafsan Ingila ba zai biya maka kuɗin wancan ba, amma aiki ne mai kyau na katako zalla, kuma mai son tarihin reluwe ko na Zariya zai fi dillalin nan ganin darajarsa. Ka binciki takardun mahaifinka ko akwai rasidin gwanjo, domin kayan da ke ɗauke da lambar gwamnati ya fi kwanciyar hankali idan akwai takardar da ta nuna yadda ya fita. Domin rabon gado, ka kira mutum biyu ko uku da ba su san juna ba su yi wa kabad ɗin kuɗi shi kaɗai, ka kuma tambayi kafinta nawa zai yi maka irinsa yau da maɗaci zalla, wannan zai nuna maka ƙasan da bai kamata a sauka ba. Idan wani cikin magada yana so, ya ɗauka a bakin wannan ƙima daga rabonsa. Kujerar kuwa a cire ta daga cinikin har sai an ji daga gidan tarihi, domin ƙarin dubu 30 ɗin nan ba don kabad aka yi shi ba.

Kafin nan ka ɗora kabad ɗin a kan bulo ko tayal, ka bar rata tsakaninsa da bango saboda gara da laimar damina, kuma kada kowa ya shafa masa baƙin mai wai don maganin ƙwaro, domin yana shiga katako ba ya fita. Busasshen ƙyalle ya isa, sai ɗan kakin zuma sau ɗaya a shekara. Idan ka sami dama ka ɗauko mini hoton bayansa da na gefen durowa ɗaya a cikin hasken rana, in ga ko maɗaci ne ko loko.